Mafarki Ido Biyu: Hujjata a Kan Kiɗan Trip-hop

Gardamar ta tashi ne a fadarmu, wani dare cikin watan Afrilu. Kuran ya ɗauke tun bayan isha'i, ɗakuna sun zama tanda, kowa ya jawo tabarma waje. Mun ajiye takardun bita saboda ba mai iya karatu da fitilar waya cikin wannan zafi. Ana dafa shayi na biyu sai na kunna wata waƙa daga wayata, "Roads" ta ƙungiyar Portishead. Ba a yi minti biyu ba, wani abokinmu ɗan Maraɗi ya ɗago kai ya ce: "Kai, mi ne ne wanga? Wa ya mutu?" Aka fashe da dariya. Da dariyar ta lafa sai ya ƙara da abin da ya hana ni barci a daren: "Wanga kiɗan masu shan ƙwaya ne. Shina kwantar da mutum, shi mance da duniya. Mu da ke da aiki gabanmu, mi za mu yi da shi?"

Ban ba shi amsa ba a lokacin, domin na san inda maganar ta fito. Ƙanensa tramol ya lalata shi, dukanmu mun sani, kuma ba mai tayar da zancen. Mutumin da ya ga haka a gidansu yana da damar zargin duk abin da ke sa jiki ya mutu. Wannan rubutu shi ne amsar da na kasa bayarwa a kan tabarma. A taƙaice, ina ganin abokina ya yi gaskiya a kan rabin kiɗan da ake kira trip-hop, ya kuma yi kuskure a kan rabin da ya fi muhimmanci. Akwai sanyin da ke sa barci, akwai kuma sanyin da ke sa ka ji abin da hayaniya ta ɓoye maka. Aikin mai sauraro shi ne ya rarrabe su.

Bari in fara da yadda kiɗan yake, don wanda bai taɓa ji ba. Ka ɗauki bugun gangar rap da ka sani, ka rage masa gudu har ya koma kamar tafiyar mutumin da ya dawo daga gona da yamma. A ƙarƙashinsa ka shimfiɗa sautin bas mai kauri irin na dub ɗin Jamaika, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. A samansa ka ɗora ɗan gutsure da aka yanko daga wani tsohon faifai: layin piyano, ko kukan goge irin na Turawa, ko kiɗan wani tsohon fim, har da ƙarar tsufan faifan, wannan "kar-kar-kar" ɗin da allura ke yi. Daga nan murya ta shigo, galibi ta mace, ba ta ɗaga sauti, ba ta neman ka tashi ka taka. Tsakanin waɗannan abubuwa kuwa an bar fili. Wannan filin shi ne sirrin. Mu da muka saba da kiɗan da ake cika kowace kusurwa da ganga da algaita da amshi, abin da ke fara ba mu mamaki shi ne yawan wurin da aka bari babu komai. Kamar ɗakin da aka kwashe kaya, in ka yi tari sai ka ji kanka.

Shi ya sa ake cewa kiɗan mafarki ne. Amma mafarki iri-iri ne, kuma don a gane irin wannan, sai an san garin da aka haife shi.

Biristol birni ne a kudu maso yammacin Ingila, mai tashar jiragen ruwa. A ƙarni na 18 arzikinsa ya ginu sosai a kan cinikin bayi daga gaɓar Afirka zuwa ƙasashen Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen tsibiran Karibiyan, musamman Jamaika, suka zo neman aiki, da yawansu suka zauna a unguwar St Pauls. Ba a karɓe su hannu biyu ba. A 1963 sai da aka ƙaurace wa motocin safa na birnin saboda kamfanin ya ƙi ɗaukar baƙar fata aikin direba ko kwandasta. A watan Afrilun 1980 rikici ya ɓarke tsakanin matasan St Pauls da ƴan sanda. Yaran da suka tashi cikin wannan yanayi, baƙaƙe da farare da ƴan ruwa biyu, lokacin mulkin Margaret Thatcher da rashin aikin yi ya yi katutu, su ne suka kafa wata ƙungiya mai suna Wild Bunch a shekarun 1980. Ba makaɗa ba ne masu kayan kiɗa. Tarin manyan lasifika gare su da tarin faifai, al'adar da iyayen wasunsu suka zo da ita daga Jamaika. Su kafa kayansu, su haɗa rege da rap da soul da pank, jama'a su kwana. In ka ce fada ce mai lasifika, ba ka yi nisa da gaskiya ba: samari ne da ba su da aiki amma suna da lokaci da kunne.

Daga cikin wannan ƙungiya Massive Attack ta fito, mutum uku: Robert Del Naja, Grant Marshall da Andrew Vowles. A 1991 suka fitar da faifansu na farko, Blue Lines. A cikinsa akwai waƙar da nake so duk mai shakka ya fara da ita, "Unfinished Sympathy", wadda Shara Nelson ta rera. Gangar tana gudu a ƙasa, gogen Turawa masu yawa suna tashi a hankali kamar hadari, muryar kuma tana tsakiya tana kokawa da son wanda take tsoron ya cuce ta. Waƙar ba ta da amshin da ake maimaitawa don ka riƙe. Tana ta hawa, ba ta sauka, har ta ƙare ba a warware komai ba. A bidiyon, Nelson tana tafiya a kan wani titin Los Anjeles, kyamara na bin ta ba tare da an yanke hoton ko sau ɗaya ba, tana wuce mabarata da mashaya da masu yawo, ba ta kallon kowa. Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwa da damuwa a zuciyarsa, mutane na magana yana jin su kamar daga ƙasan rijiya, ya san wannan tafiya. Wannan ne mafarkin da nake nufi: idonka biyu, kana cikin jama'a, amma kai kaɗai ne.

Faifai na biyu da ya kamata a sani shi ne Dummy na Portishead, 1994, wanda ya ci kyautar Mercury a shekarar da ta biyo. Sunan ƙungiyar na wani ƙaramin gari ne kusa da Biristol inda Geoff Barrow ya tashi. Shi ke haɗa sauti, Adrian Utley ke kaɗa gita, Beth Gibbons ke waƙa. Abin da ke burge ni da aikinsu wata dabara ce mai kama da hauka. Sukan kaɗa kiɗansu da kansu, su buga shi a kan faifan roba, su gurje faifan da gangan har ya ji rauni, sannan su yanko gutsuren daga cikinsa kamar wani tsohon abu da suka tsinta a kasuwar gwanjo. Wato suna ƙera tsufa da hannunsu. Me ya sa? A fahimtata, domin abin da Gibbons ke rerawa, kaɗaici da nadama, ba ya zama daidai a cikin sauti mai sheƙi. Tsohuwar riga ta fi sabuwa sanin jikin mai ita. Muryarta siririya ce, wani lokaci kamar za ta tsinke, kuma ba a gyara tsinkewar. A "Roads", waccan da ta jawo mini dariya a fada, piyanon lantarki ne ke rawar ɗari shi kaɗai na ɗan lokaci kafin ganga ta shigo, kuma in ta shigo ba ta kawo sauƙi. Abokina ya tambaya wa ya mutu. Tambayar daidai ce. Waƙar tana zaman makoki ne, sai dai ba ta faɗa maka na wa ba, ta bar maka ka sa naka.

Na uku shi ne wanda ya fi rushe zargin abokina, wato Maxinquaye na Tricky, 1995. Tricky ya tashi a Knowle West, unguwar talakawa a Biristol, ya yi aiki da Massive Attack kafin ya ware. Sunan faifan daga sunan mahaifiyarsa ne, Maxine Quaye, wadda ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Shi ba ya rap yadda muka saba, raɗa yake yi da shaƙaƙƙiyar murya, kamar mai magana cikin barci, yayin da Martina Topley-Bird ke rera kalmomin a sama da shi. Sau da yawa ita ke faɗin abin da namiji zai faɗa, shi yana bin ta a baya kamar inuwa. A cikin faifan sun sake yin wata waƙar Public Enemy, wadda asalinta labarin baƙar fatan Amurka ne da ya ƙi shiga soja aka ɗaure shi. A bakin Public Enemy tsawa ce. A bakin Martina, da muryar budurwa wadda ba ta ko ɗaga sauti, ƙin yardar ya fi ba da tsoro. Mun san wannan a gida: uwar da ke faɗa da ihu ana iya lallashinta, wadda ta yi ƙasa da murya ita ce ta gama yanke hukunci.

Ga wani misali da ke nuna cewa a wannan kiɗa hannu ne ke aiki, ba hayaƙi ba. Portishead da Tricky sun yanko gutsure ɗaya daga waƙa ɗaya ta Isaac Hayes, "Ike's Rap II", kusan lokaci guda. Portishead suka gina "Glory Box" a kansa, Tricky ya gina "Hell Is Round the Corner". Bas ɗin ɗaya ne, yana gangarowa mataki-mataki. A hannun Portishead ya zama matakalar da mace ke saukowa a kai, ta gaji da wasan soyayya, tana neman a ɗauke ta da daraja. A hannun Tricky ya zama matakalar shiga rami, ɗaki ya ƙuntata, iska ta yi kaɗan. Ka saurare su a jere. Gero ɗaya ne, wata ta dama fura, wani ya tuƙa tuwo. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya irin wannan zaɓi.

To, ina gaskiyar abokina take? Tana wurare biyu, kuma ba zan ɓoye su ba.

Na farko, sunan kansa. Mujallar Mixmag ta Ingila ce ta yaɗa kalmar trip-hop a 1994, kuma kalmar farko a cikin sunan tana nuni da tafiyar da hankali ke yi in an sha abin maye. Ba boyayyen abu ba ne cewa wiwi na cikin rayuwar wasu daga masu wannan kiɗa, Tricky bai taɓa musun nasa ba. Amma ya kamata a sani cewa manyan mawaƙan Biristol ɗin nan sun ƙi sunan, ƴan jarida da ƴan kasuwa ne suka liƙa musu. Kuma in ka saurari Maxinquaye da kyau, ba tallar maye yake yi ba. Abin da ke ciki shi ne zargin kowa, ƙuncin numfashi, rashin yarda da wanda kake kwana da shi. In akwai faifan da zan kunna wa yaron da ke ganin ƙwaya hutu ce, wannan ne, domin yana nuna ɗakin daga ciki, kuma ɗakin ba shi da taga.

Na biyu, kuma nan ne na fi ba shi gaskiya: abin da kasuwa ta yi da kiɗan. Da Dummy ya sayu, kamfanoni suka gane cewa akwai kuɗi a cikin ganga mai sanyi da muryar mace mai taushi. Kafin ƙarshen shekarun 1990 an cika duniya da kwaikwayo. Aka cire Biristol daga ciki, aka cire fushin, aka cire makokin, aka bar laushin kawai. Ya zama kiɗan gidajen cin abinci masu tsada, kiɗan tallar turare da mota. Ko "Teardrop" ta Massive Attack, daga faifan Mezzanine na 1998, wadda gangarta ke bugawa kamar zuciya kuma Elizabeth Fraser ta rera ta da murya kamar daga wata duniya, mutane da yawa sun san ta ne a matsayin kiɗan buɗe wani fim ɗin likitoci na talabijin ɗin Amurka. Jikan wannan kwaikwayo shi ne kiɗan lo-fi da da yawanmu ke kunnawa a YouTube lokacin bita, awa uku ba tsayawa, ba a san wanda ya yi shi ba, ba a kuma damu ba. Ni ma ina kunna shi, ba zan yi ƙarya ba. Amma na san bargo ne. An yi shi don kada ka lura da shi. Shi kuwa "Roads", in ka kunna shi kana karatu, sai ka ajiye biro. Ga ma'aunina ke nan: kiɗan da ya bar ka yadda ya same ka, barci ne. Wanda ya tsayar da kai, ya tuna maka da wani abu da kake gudu, wannan farkawa ce ko da a hankali yake tafiya.

Su kansu ƴan Massive Attack ba su yi barci ba. Shekaru da yawa sun ƙi yin wasa a babban zauren kiɗa na garinsu saboda yana ɗauke da sunan Edward Colston, attajirin da ya yi arziki da cinikin bayi. A watan Yunin 2020 masu zanga-zanga suka tumɓuke gunkin Colston suka jefa shi cikin ruwan tashar jiragen, a shekarar kuma aka canja wa zauren suna. Masu kiɗan da ake cewa na mantuwa ne, su ne suka ƙi mantawa tun kafin abin ya zama yayi.

Tasirin wannan sauti ya yi nisa fiye da sunansa. Ana jin sa a faifan Post na Björk, 1995, inda Tricky da Nellee Hooper, wani tsohon ɗan Wild Bunch, suka sa hannu. Ana jin inuwarsa a waƙoƙin Lana Del Rey, da raɗar Billie Eilish da ƙannenmu mata ke saurare. Har nan ma ya iso, tun kafin mu san sunansa. Wa bai san "7 Seconds" ta Youssou N'Dour da Neneh Cherry ba, wadda ta fito a 1994? Ka sake saurarenta: gangar mai jan ƙafa, filin da aka bari, sanyin da ke ɗauke da maganar wariyar launin fata. Ba haɗuwar banza ba ce. Neneh Cherry da mijinta Cameron McVey sun tallafa wa Massive Attack lokacin Blue Lines, kuma McVey da Jonny Dollar, waɗanda suka yi aiki a wancan faifan, su ne suka haɗa sautin "7 Seconds". Iyayenmu sun ji Biristol a rediyo da muryar Wolof, ba su sani ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ga zancen ya cancanci shiga wannan ɗan littafi namu. A Yamai, a Damagaram, a Maraɗi, a Tawa, akwai samari da ƴan mata da ke haɗa kiɗa a kwamfuta cikin ɗakin kwanansu. Wasunsu abokanmu ne. Kwanan nan na fara jin wasu suna rage gudun bugunsu, suna sa ƙarar tsohon faifai da suka sauko da ita daga intanet, suna sa piyano mai baƙin ciki. Yana da daɗin ji, amma na kan tambayi kaina: tsufan wa ne wannan? Ƙarar allurar faifan da ba mu taɓa mallaka ba, ruwan saman birnin da ba mu taɓa zuwa ba. Aron hawaye ne. Yaran Biristol ba hazo suka kwaikwaya ba. Faifan iyayensu suka tona, rege ɗin da aka yi goyonsu da shi, soul ɗin da ake kunnawa a gidajensu, har suka ɗauko dattijon mawaƙin Jamaika Horace Andy ya rera musu da kansa. Darasin shi ne tonon, ba hazon ba.

Mu kuwa abin tonowa ya yi mana yawa. Kaset ɗin da ke cikin kwali ƙarƙashin gadon kakanninmu, waɗanda zafi ya sa zarensu ya miƙe har murya ke lanƙwasa, suna da tasu ƙarar tsufan, kuma tamu ce. Akwai kuntigin Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya da murya ɗaya, fili ko'ina. Akwai gurumi da biram na marigayi Malam Maman Barka. Akwai Mamman Sani, wanda tun 1978 ya ɗauki kiɗan ogan ɗinsa na lantarki a Yamai, sauti mai yawo kamar mafarki wanda aka daɗe ana sawa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013 kafin wasunmu suka waiwaye shi. Ba cewa nake waɗannan trip-hop ba ne. Cewa nake wanda ya fahimci abin da Barrow da Tricky suka yi, nan zai fara nema. Sai dai a yi da ladabi. Gutsuren waƙar wani haƙƙinsa ne da na iyalinsa, a nemi izini, in an samu wani abu a raba. Kada mu yi wa dattawanmu abin da muke kukan ana yi wa nahiyarmu.

Wani zai ce, a ƙasar da matasa ke da dalilin ɗaga murya, rap mai zafi irin wanda su Kaidan Gaskia da Wass-Wong suka buɗe wa hanya ya fi dacewa da mu. Ban musa ba, muna bukatarsa. Amma ba kowane ciwo ne ke fita da ihu ba. Akwai na wanda ya gama karatu shekara uku yana zaune a gida. Akwai na wadda yayanta ya bi hanyar Agadas, wata shida ba labari. Akwai na abokina, da ke raba ɗaki da ƙanen da bai ƙara gane shi ba. Waɗannan abubuwa ba mu da waƙoƙinsu da yawa, domin an koya mana cewa namiji ba ya faɗa, mace kuma ta yi haƙuri. Kiɗan da ya iya yin ƙasa da murya, ya bar fili, zai iya ɗaukar su.

Bayan sati biyu da waccan gardama, na tura wa abokina "Hell Is Round the Corner" ta waya, ban rubuta komai ba. Bai amsa ba. Da muka haɗu a fada, yana zuba shayi daga sama yana tayar da kumfa, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba: "Wancan mutumen naka mai shaƙaƙƙiyar murya, shi ma ya ga abu." Na ce e. Ya ce: "Amma har yanzu ba ni son ta." Ya miƙo mini kofi, na karɓa.